Yadda Ake Haɗa Wasan Inuwa da Majigi, Mataki-Mataki

Tun daren da muka nuna ɗan wasanmu na inuwa na Gizo da Kura, wanda ake riƙe ’yan tsana a bayan farin labule haske ya jefa inuwarsu a jikinsa, a farfajiyar wata makaranta a unguwar Mabera ta Sakkwato, wani ya ɗauka da waya ya watsa, saƙonni ba su yanke mini ba. Tambayar kusan guda ce: wace na'ura kuka yi aiki da ita, nawa take, ina ake samunta? Har wasu ɗalibai na Jami'ar Danfodiyo sun same ni suna son su shirya irinsa su kai bikin fasaha. Na gaji da amsawa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Na'urar da kuke tambaya, wato majigi, ita ce kusan ta ƙarshe a jerin abin da za ku nema. Na ga waɗanda suka fara da sayenta, kuɗi ya tafi, inuwa kuma ba ta fito ba. Ku bi matakan nan yadda na jera su.

1. Zaɓi labarin da inuwa za ta iya ɗauka

Inuwa ba ta murmushi, ba ta harara, ba ta ƙifta ido. Siffa take da ita da motsi, shi ke nan. Labarin da mutum biyu za su zauna suna doguwar hira, ka bar wa gidan rediyo. Nemi wanda ake gudu a cikinsa, ake faɗuwa, ake haɗiye wani, ƙaramin abu ya kumbura ya cika wuri. Tatsuniyoyinmu kamar don wannan aka yi su. Gizo, Ƙoƙi, kura, dila, Dodo, kowanne yaro zai gane shi tun daga ƙeya.

Wasan farko kada ya wuce minti 12 zuwa 15, taurari 4, wurare 3. Samu takarda ka zana akwatuna, kowane akwati fitowa ɗaya: wa ke kan labule, ta ina ya shigo, wa ke riƙe da shi. Sannan ka ƙirga hannuwa. Idan akwati ɗaya na buƙatar hannu 7 alhali ku uku ne a baya, gyara labarin tun yanzu.

Hattara: a Sakkwato muke. Kada ka yanka siffar wani Annabi, ko Sahabi, ko Shehu Usmanu da zuriyarsa. Kada kuma wata siffa ta ɗauko kamar basarake ko ɗan siyasa mai rai. Rawani da tsayin hanci kaɗai sun isa a ce da wane kake.

2. Nemi fitila mai ƙwai ɗaya

Nan ne asirin wasan yake, kuma nan aka fi yin kuskure. Inuwa mai kaifi daga haske ƙarami guda ɗaya take fitowa. Fitilar caji mai ƙananan ƙwayaye 20 ko 30 a jere, kowane ƙwai inuwarsa yake jefawa, sai ka ga kurarka da baki goma, duk ta dushe. Doguwar fitila ta ofis ita ma haka. Gwada da kanka yau da dare: kashe wutar ɗaki, kunna tocilar wayarka, ɗaga hannu kusa da bango. Ka ga yadda yatsu suka fito rau? Ƙwai ɗaya ne a wayar, shi ya sa.

To irin wannan za ka nema, amma mai ƙarfi. Sayi tocila babba mai ƙwan LED guda, ka kwance gilashin gaba da ɗan kwanon nan mai ƙyalli da ke kewaye da ƙwan, ka bar ƙwan tsirara. Hasken zai bazu daidai, babu zobe mai haske a tsakiya. Sayi biyu iri ɗaya. Ɗaya za a kafe ta, ɗaya za ta zauna a hannu, kuma ran da ta farko ta mutu kana da madadi.

Ƙa'idar tazara ka haddace ta. Abin da ke manne da labule yana fitowa da girmansa na gaskiya, da kaifi. Kana ja da shi wajen fitila yana girma, bakinsa yana laushi. Idan fitila tana mita 2 daga labule, ka tsayar da ’yartsana a tsakiya, inuwarta ta ninka biyu. Ka matsar da ita har saura rabin mita ta taɓa fitila, ta ninka huɗu. Da haka muka yi Dodonmu: tsawonsa bai wuce tafin hannu biyu ba, amma ya cika labule har wata yarinya ta ruga bayan uwarta. Ka kuma sani, in ka ninka nisan fitila daga labule, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Hattara: kada ka yi aiki da kyandir, aci-balbal ko fitilar ƙwai mai kananzir. Rawar harshen wuta tana da kyau a inuwa, na yarda, amma yadi da kwali da yara ne kewaye da kai.

3. Labule da firam

Je Babbar Kasuwa ka nemi farin yadin auduga marar kauri, akoko ko alawayyo. Tafi da tocilarka. Sa ta a bayan yadin: idan kana hango ƙwan fitilar ƙuru-ƙuru, ya yi shara-shara; idan hasken da ƙyar yake ratsowa, ya yi kauri. Na tsakiya kake so. Yadi mai ƙyalli ko mai zanen fure a saƙarsa, ko da fari ne, bar shi. (Ka gaya wa mai shago abin da za ka yi da shi tun farko. Ni da na ce a yanko mini farin alawayyo, sai da ya ajiye almakashi ya yi mini gaisuwa.)

Faɗin mita 2 da tsayin kamar mita 1 da ’yan kai ya ishi mai farawa. Nemi yadi mai faɗin da zai ba ka wannan a falle ɗaya, domin duk ɗinkin da ya ratsa tsakiya baƙin layi zai zama da zarar an kunna fitila. Tela ya naɗe bakin ta kowane gefe, ya bar hanyar da bututu zai shiga. Wanke shi, ka goge.

Firam kuwa, bututun roba na masu kayan famfo ya fi katako, mai inci 1, da gwiwoyinsa da mahaɗansa. Ba ya nauyi, ana kwance shi, kuma in ka yanka shi gunduwa-gunduwa da ba su wuce mita 1 da ɗan ƙari ba, duk kayanka za su shiga keke napep guda. Kada ka sa gam a mahaɗan. Yi wa kowace gunduwa lamba da alƙalamin maka. Ƙasan farin labulen ya tashi kamar mita 1 daga ƙasa, a rufe wurin da baƙin ƙyalle mai kauri, haka ma gefe da gefe, don masu riƙo su durƙusa ba a gan su ba.

Hattara: labule tanti ne a wurin iska. A lokacin hunturu, iska ɗaya ta taɓa kwantar mana da firam a kan yaran sahun gaba. Allah ya tsare, roba ce. Tun daga ranar kowace ƙafa buhun yashi take ɗauka, kuma muna ɗaure saman da igiya a jikin ginshiƙi ko itace.

4. Yankan ’yan tsana

Fara da kwali, ko da niyyarka fata ce. Amma ba kwalin taliya mai rami-rami a ciki ba, bakinsa tsattsagewa yake, kuma yana karyewa a gaɓa. Nemi baƙin kati mai santsi a wurin masu kayan makaranta, ko kwalin da ake samu a cikin sabuwar riga. Bangon fayil na roba yana da kyau ƙwarai. Tsohon hoton ƙashi na asibiti ya fi su duka ƙarko, sai dai ka yanke wurin da sunan mai shi yake ka ƙone kafin komai.

Zana kowace siffa ta gefe, yadda hanci da baki da haɓa za su fito. Siffar da ke kallon gaba dunƙule kawai take zama. Ka ƙara gishiri a zanen: ƙusumbin kura ya fi na gaske, ƙafafun Gizo su yi tsawo, cikin Sarki ya turo. Tsawon kamar taƙi 1 da rabi ya yi wa labule irin namu. Manyan wurare almakashi, ƙanana kuma sabuwar reza a kan katako. Reza ta dakushe, canza ta. Da dakusasshiya ake yankewa.

Abin da ke ba inuwa rai shi ne huji. Ido, haƙora, aikin wuyan riga, zanen jikin damisa, duk huda ake yi haske ya ratso. Je wurin dukawa ka nemi ƙarfen da suke huda fata da shi, da basilla. Ka dubi aikin da suke yi wa jaka da matashi, za ka samu zane iri-iri da ya dace da nan. In kana son launi, yanke wurin ka liƙa leda mai launi wadda haske ke ratsawa, ko farar roba da ka shafa wa launi da alƙalamin maka. Ja da ruwan ɗorawa sun fi fitowa, shuɗi mai duhu kusan baƙi yake komawa.

Yanzu maganar fata. A Indonesiya da fatar ɓauna suke yin nasu, a Turkiyya kuwa da ta raƙumi, can har sukan rina ta launi ya fito a labule. Mu kuwa ga jar akuyar Sakkwato a ƙofar gida, wadda duniya ta san fatarta. Amma a nan na yi asarar farko. Na sayi jemammiyar fata mai laushi, kyakkyawa, na yanka kura, na ɗaga ta, sai ta langaɓe kamar tsumma. Da na koma wurin dattijon da ya sayar mini, dariya ya yi ya ce, "Yaro, ai wagga ta takalmi ce. Da ka faɗi abin da kaka so, da na aike ka wurin masu ganga." Gaskiyarsa. Wadda ake so ita ce fatar da aka kankare gashinta, aka miƙe ta, aka shanya ba a jeme ba. Tana da tauri, kuma in an kankare ta sosai haske na ratsa ta, ta karɓi galura. Aibinta guda: tana jin raɓa. Da damina sai ta kanannaɗe, don haka kullum a ajiye ta a shimfiɗe tsakanin katako biyu, a ɗora nauyi.

Hattara: kada ka taɓa fata sai ka gama gwada siffar da kwali a bayan labule, ka tabbatar da girmanta da wurin gaɓoɓinta. Kwalin shi ne zai zama ma'auninka.

5. Gaɓoɓi da sanduna

Gaɓa ɗaya ko biyu ta ishi kowace ’yartsana. Tambayi kanka da me wannan yake magana. Kura da muƙamuƙi, Gizo da hannu, raƙumi da wuya. Wannan kaɗai za ka sa wa sanda. Ƙafafu ka bar su suna lilo da kansu.

Inda gaɓa biyu za su haɗu, kowacce ta ƙare da da'ira, ka ɗora ɗaya kan ɗaya, ka huda tsakiya. In ba ka yi haka ba, hannu na lanƙwasawa za a ga haske ya tsaga kafaɗa. Zura zaren kamun kifi mai kauri, ka ƙulla ta kowane gefe, ka ɗan taɓa bakin ƙullin da ashana ya dunƙule. Kada ka matse. Ɗaga siffar ka girgiza, in gaɓar ba ta yi lilo ba, sake.

Sanda mafi kyau ita ce ƙarfen tsohuwar lema, domin ƙarshensa da ɗan huji da za ka ɗaure zare. Wayar ƙafar keke ma tana yi, ga ta a wurin kowane mai gyaran keke. Ƙananan abubuwa kamar tsuntsu ko kifi, tsinken tsire ya wadatar. Babbar sanda a kafa ta inda nauyin siffar ya daidaita. Ɗora ta a kan yatsa ka nemo wurin. Naɗe mariƙin da tsumma ko salatif, saboda hannu zai yi gumi.

6. Sai yanzu majigi

Kafin ka kawo shi, ka tabbatar kun iya wasan daga farko har ƙarshe da tocila kaɗai, kuma wanda ya kalla ya fahimta. In bai fahimta ba, majigi ba zai cece ka ba.

Aikin majigi biyu ne a lokaci guda: shi ne fitila, shi ne kuma mai shimfiɗa wurin da labari ke faruwa. A bayan labule ake ajiye shi, ’yan tsana su shiga tsakaninsa da yadi. Daga wannan abubuwa uku ke biyowa.

Na farko, hoto zai juye, dama ta koma hagu. A cikin saitin yawancin majigai akwai wurin da ake zaɓar haskawa daga baya, shi zai gyara. In naka ba shi da shi, juya bidiyon tun a wurin haɗawa, musamman in da rubutu a ciki.

Na biyu, tazara. Majigi na yau da kullum yana son nisan da ya kai faɗin hoton sau 1 da rabi ko fiye. Labulen mita 2 ke nan yana neman aƙalla mita 3 a bayansa. Auna wurin kafin ka yi alkawarin wasa. Ajiye shi ƙasa-ƙasa a kan ɗan benci yana kallon sama kaɗan, don kada idonsa ya huda yadi ya soki idon ’yan kallo, kuma masu riƙo su zauna ƙasa da hanyar hasken.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane. Duk inda hotonka yake baƙi, babu haske a wurin, inda babu haske kuwa babu inuwa. Mun taɓa ɗaukar kwana biyu muna haɗa hoton dare mai taurari, gwanin sha'awa a kwamfuta. Aka haska, Gizo ya shigo, ya ɓace ɓat. Daren wasan inuwa da shuɗi mai haske ake yin sa, ko ƙaton farin wata da ’yartsana za ta tsaya a cikinsa. Ka riƙe wannan: ƙasan hoto, inda taurari ke tafiya, kullum ya zama mai haske kuma babu tarkace.

Hotunan ma da wayarka za ka ɗauko su. Ruwan da Gizo ya haye a wasanmu Gulbin Rima ne, daga gadar Kwalkwalawa na ɗauke shi da hantsi. Gajimare, hayaƙin murhu, ganyen darbejiya yana kaɗawa, garken shanu daga nesa, duk suna yi. Kwantar da wayar a faɗi, kafe ta a kan wani abu, ɗauki minti 1 ko 2 ba motsi. In kyamara na rawa, ƙasa za ta riƙa zamewa a ƙarƙashin ƙafar ’yan tsana. Ƙara haske, rage launi, a manhajar gyaran bidiyo ta CapCut ko makamanciyarta. Kowace fitowa fayil ɗinta daban, ka jera su a manhajar PowerPoint ta kwamfuta yadda danna maɓalli ɗaya zai kai ka ta gaba. Kada ka haɗa dogon bidiyo guda ka ce masu riƙo su bi shi. Ran da ’yan kallo suka yi dariya mai tsawo, bidiyo zai wuce ya bar ku.

Wani abin da ke burge mutane, kuma ba ya cin ko kwabo: sa baƙin shafi a majigi, ka kunna tocilar hannu, ka yi yawo da ita a bayan itatuwan kwali. Daji duka zai motsa kamar ana tafiya a cikinsa.

Hattara: majigi mai ƙwai yana zafi ƙwarai. In ka kashe, bar fankarsa ta tsaya da kanta kafin ka zare waya. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskarsa, zafin Maris zuwa Mayu kuma, da ke haura digiri 40, yana sa shi kashe kansa a tsakiyar wasa. Share matatar, kada ka rufe shi da ƙyalle don ɓoye haske. A kwamfutar kuma kashe intanet, kada saƙon WhatsApp ya faɗo a kan goshin Sarki.

7. Sauti

Murya a yi ta kai tsaye. Mai ba da labari ya zauna a gaba, gefen labule, inda ake ganinsa, ya buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", jama'a su amsa. Daga wannan amsawar kun zama ɗaya. In ka samu mai kalangu, ka samu rabin wasa, domin zai bi takun kowace dabba. Sarewa ko gurmi na ɗaukar wuraren natsuwa.

Sauran ƙararraki daga madafa suke: shinkafa a kan faranti ruwan sama ce, ƙoƙo biyu a kife kofaton doki ne, guntun kwanon rufi in an girgiza shi tsawa ce. Abin da ka naɗa a waya, kamar hayaniyar Kasuwar Kara ko kukan kwaɗi, ka haɗa shi da sifika ta waya. Bluetooth yana jinkiri kaɗan, sai kura ta rufe baki kafin a ji kukanta. Sifika ta kasance gaba da makirfo tana fuskantar jama'a, in ba haka ba ta yi ta ƙara.

8. Wuta

Yi shiri kamar za a ɗauke, domin za a ɗauke. Majigi mai ƙwai yana jan wat 250 zuwa 350, ka ƙara kwamfuta da sifika, ka ce 450. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in ba ka so ka kashe shi, rabinsa za ka sha, wato kamar awa 1 da inbata. Ya ishi wasa, bai ishi gwaji da wasa ba. In janareta ne, kai shi nesa, bayan gini, da doguwar waya mai kauri, a cika masa mai tun da rana. Liƙe wayoyin da ke ƙasa ko ka rufe su da tabarma, a duhu ake aiki.

Hattara: kada a kunna janareta a cikin ɗaki, zaure ko wani rufaffen wuri don ɓoye ƙararsa. Hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba. Kuma tocilar nan ta mataki na 2 ta zauna a cike, a kafe a wurinta. Wuta ta tafi, a kunna ta, mai kalangu ya ci gaba, wasa bai tsaya ba.

9. Gwaji

Masu riƙo ba sa ganin abin da jama'a ke gani, saboda haka kullum mutum ɗaya ya zauna a gaba, ko a kafa waya tana ɗauka, a kalla tare bayan an gama. Kurakuran da za ku gani ba sa wuce waɗannan: ’yartsana tana yawo a iska ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, kan wani ko hularsa ya leƙo, siffa ta rabu da yadi ta dushe ba da niyya ba, kowa yana motsi a lokaci guda. Maganin na ƙarshen: mai magana ne kaɗai ke motsi, saura su daskare. Kuma duk saurin da kuke ganin daidai ne, ku rage rabinsa.

Shimfiɗa tabarma a baya, na shiga ta dama a dama, na hagu a hagu, a jere yadda za su fito. Masu riƙo su sa tufafi masu duhu marasa faɗin hannu. Babbar riga da mayafi mai lilo sai an ɗaure. Ku yi gwaji cikakke aƙalla sau 3, ɗaya a ainihin wurin, a ainihin lokacin.

10. Wuri, dare da izini

Duhu shi ne dandamalinka. Je wurin da dare kafin ranar, ka duba fitilar titi, ta masallaci, ta mai shayi, da inda fitilun ’yan kabu-kabu ke haskowa. Ka duba kwanan wata ma. Daren 14 farin wata yana wanke labule. Daga 19 ga wata zuwa farkon sabo, wata ba ya damun wanda ya fara bayan Isha'i. Kada ka sa wasa tsakanin Magariba da Isha'i, lokacin ba ya isa, kuma bai dace a yi kiran salla ana kiɗa ba. Watannin sanyi sun fi daɗi. Da damina, ban da hadari, ƙwari na taruwa a gaban majigi, ƙaramar fara ta fito a labule kamar jirgin sama.

Je wurin mai unguwa da kanka, da ’yartsana ɗaya ko biyu a hannu. "Ranka shi daɗe, tatsuniya ce za mu yi wa yara da inuwar kwali, ga abin." Gani ya kori ji. Haka za ka yi wa limamin unguwa, ka gaya masa labarin da lokacin tashi. Ware wa mata wurinsu, yara a tabarma a gaba, sahun farko ya ja baya kamar mita 3. Sa mutum biyu su tsare gefen labule, domin rabin yaran bayan fage suke son gani. Mu mukan yi musu alkawari: in an ce ƙurunƙus, kowa zai zo ya riƙe kura.

11. Inda kuɗi ke tafiya

Farashi a kasuwa yau daban gobe daban, don haka zaga ka tambaya a makon da za ka saya. Amma tsarin ba ya canzawa. Kwali, reza, zare, gam da ƙarfen lema, kuɗin cefanen yini ne. Yadi, ɗinki, bututu da tocila biyu su ne sayayya ta gaske, kuma sau ɗaya ake yin ta. Fata ta fi kwali tsada nesa, bar ta sai wasa na biyu. Majigi kada ka saya: ara a makaranta ko wata ƙungiya, ko ka yi haya a wurin masu gidan kallon ƙwallo a daren da babu wasa. Ƙananan nan masu araha da ake tallatawa da manyan lambobi a jikin kwali, yawancinsu ba su da hasken da zai cika mita 2. Kada ka biya sai an kunna maka a duhu. Abin da ke cin kuɗi a ɓoye shi ne man janareta, kuɗin keke, sallamar makaɗi, da abincin masu gwaji. Ware wa waɗannan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke hannunka.

12. In biki za ka kai shi

Akwai bukukuwan fasaha da ake kira na ’yan gefe. Asalinsu birnin Edinbara ne na Birtaniya a 1947, lokacin da ƙungiyoyi 8 da ba a gayyata babban biki ba suka zo suka yi wasanninsu a gefe. Irin waɗannan wurare suna maraba da sabon abu, amma ɗaki ɗaya ƙungiyoyi da yawa ke rabawa, kowa da ɗan lokacinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku koyi kafa komai cikin minti 15, ku kwance cikin 10, da agogo a hannu.

Aika wa masu shiri takarda shafi ɗaya: ana buƙatar duhu sosai, mita 3 a bayan labule, soket 2, makirfo 1, ku nawa ne, minti nawa ne wasan. Maganar duhu ka nanata ta, ka nemi a ba ka dare ko ɗaki marar taga, domin an taɓa ba mu ƙarfe 4 na yamma a ƙarƙashin rumfa. Bidiyon da za ka tura a ɗauke shi daga gaba, a danna allon wayar a kan labule a kulle hasken, in ba haka ba fari fat zai fito. In masu kallo ba Hausawa ba ne, kada ka fassara wasan; sa jimla ɗaya a saman hoto a farkon kowace fitowa, saura kalangu da inuwa su yi bayani.

’Yan tsana su yi tafiya a shimfiɗe cikin jakar kwali mai faɗi, labule a naɗe shi a jikin bututu don kada ya yi layi, majigi kuma a kan cinyarka, ba a but ba. A aljihun jaka ka sa zare, reza, salatif, ashana, da kwafin bidiyon a filashi na biyu.